Baƙin Tabarau Ko Baƙin Gilashin Hular Kwano: Wanne Ya Dace Da Mai Babur A Katsina?

Ƙanena ya sami aiki a Daura, iyalinsa kuma suna nan cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Ya sayi Boxer, ya sayi hular kwano, bai yi sati biyu yana zirga-zirga ba sai ga shi da ido jajur kamar garwashi.

"Yaya, ranar nan za ta makantar da ni. Tabarau zan saya, ko in kai hular nan a sauya mata gilashi a sa baƙi?"

Na san abin da yake fama da shi. Daura gabas take da Katsina, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka ta Mashi. Wanda ya tashi da sassafe, rana na fitowa a fuskarsa take sauka. In ya tashi aiki ya juyo bayan la'asar, ta riga shi komawa yamma, tana can tana jiransa. Mutumin Jibiya da ke shigowa birni da safe ya koma da yamma shi ma kwanan zancen ke nan. Ga ƙurar hunturu, ga ƙwarin damina, ga tsakuwar da tayar tifa ke watso wa na baya. Na ce masa ya sami wuri ya zauna, don wannan ba amsar tsaye ba ce.

Abin da za a duba kafin a zaro kuɗi

Yawancinmu in muka tsaya gaban mai tabarau abu biyu muke dubawa: ya yi baƙi sosai, kuma ya karɓe ni a madubi? Mai babur yana da tambayoyin da suka fi waɗannan nauyi.

Ta farko, yawan hasken da gilashin ke bari ya wuce. Masu ƙera tabarau sun kasa duhunsa gida biyar, daga 0 zuwa 4, kuma na kirki za ka ga lambar a cikin hannunsa. Lamba 0 fari ne ko kusa da fari, yana barin kashi 80 cikin ɗari na haske ko fiye. Lamba 1 tsakanin kashi 43 da 80. Lamba 2 tsakanin 18 da 43. Lamba 3, wadda ita ce ta yawancin baƙin tabarau, tsakanin 8 da 18. Lamba 4 kashi 3 zuwa 8 kawai take bari, an yi ta ne don masu hawan duwatsun ƙanƙara, ƙa'idar ma ta hana tuƙi da ita ko da rana tsaka. Don haka in mai tebur ya ce maka "wannan ya fi kowanne baƙi", ba yabo ya yi masa ba.

Ta biyu, wadda a ganina ta fi duk sauran: me zai faru in rana ta faɗi kana kan hanya? A ƙasarmu magariba ba ta jan lokaci. Tsakanin faɗuwar rana da shigar duhu bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Abin da ya taimake ka ƙarfe biyar shi ne zai rufe maka ido ƙarfe bakwai saura. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin mita kusan 17 a kowace daƙiƙa, saboda haka jinkirin daƙiƙa biyu kafin ka gane abin da ke gabanka ya haura mita talatin. Duk abin da za ka sa a ido, ka tambayi kanka: zan iya kawar da duhun nan ba tare da na bar idona a buɗe ga iska ba?

Ta uku, hasken nan da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shi cikin abubuwan da ke jawo yanar ido, kuma shi da ƙura da busasshiyar iska su ake dangantawa da naman nan da ke tsirowa a farin ido yana rarrafawa zuwa baƙin. Duba idon tsofaffin 'yan acaɓa da manoma za ka gan shi. Baƙin launi daban, tare UV daban. Baƙin gilashin da ba ya tare shi ma ya fi zama haka cutarwa, domin duhun yana sa ɗan ramin tsakiyar ido ya buɗe, sai hasken ya sami ƙofa mai faɗi. Alamar da ake nema ita ce UV400. Sai dai takardar liƙi ba ta da wuyar bugawa, kowa na iya manna ta. Akwai gwaji na gida: sami 'yar tocilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba kuɗi da ita, ka haska takardar naira har alamominta na ɓoye su fito, sannan ka gitta gilashin tsakanin tocilar da kuɗin. In alamomin suka ci gaba da ƙyalli, ajiye masa kayansa. Ba gwajin asibiti ba ne, amma yana tona asirin jabu.

Ta huɗu, da me aka yi shi. Kwalba ba ta saurin karcewa, amma in tsakuwa ta same ta tarwatsewa take yi, kuma a gaban idonka. Robar banza tana tsagewa da kaifi. Robar da ake so sunanta folikabonet, ita ce ake yin gilashin hular kwano ta gaske da tabaran ma'aikata da ita. Tana shan duka ba ta fashe ba, kuma ko fara ce tas tana tare kusan dukkan UV da kanta.

Sai ƙarko, wanda a Katsina ma'anarsa guda ce: wata nawa zai yi kafin ƙura ta karce shi. Sai gefen ido, domin mai babur da gefen ido yake ganin akuya da yaron da zai tsallaka. Sai kuɗi. Akwai kuma wani ma'auni da mutanen wasu wurare ba za su damu da shi ba: mu a nan matsalar tsaro ta sa ana sa wa mai babur ido. Fuskar da ba a gani tana jawo tsayarwa da tambayoyi a shinge, ko a ƙauyen da ba a san ka ba.

Baƙin tabarau na tebur

Shi ne wanda ake jerawa a allo a bakin tasha da cikin babbar kasuwa, da sunayen manyan kamfanoni a jikinsa waɗanda su kansu kamfanonin ba su san da zamansa ba. Kuɗinsa bai wuce na litar mai ɗaya ko biyu ba, in ka iya ciniki. Yana rage hasken rana, wannan gaskiya ne, kuma cire shi da magariba ba wuya.

Daga nan kuma alherinsa ya ƙare. Gilashinsa shafaffe ne, a buɗe ta sama da ƙasa da gefe, saboda haka iska tana zagayowa ta bayansa ta kwaso ƙura ta zuba a ido. Da ka haura gudun cikin gari hawaye za su fara bin kunnenka. Mai firam ɗin ƙarfe ya fi haɗari in aka faɗi, don ƙarfen yana lanƙwashewa ya yanki karan hanci ko gira. Mai kaurin hannu yana toshe gefen ido, a cikin hular kwano kuma yana danne bayan kunne har ya sa ciwon kai. Wani kuma gilashinsa ba a miƙe yake ba: riƙe shi nesa da fuska, ka kalli layin ƙofa ko fal ɗin wuta ta cikinsa kana motsa shi a hankali. In layin yana karkacewa, haka gefen kwalta zai riƙa yi maka. Ƙarkonsa wata biyu zuwa uku a hannun mai fita kullum, ko ƙusar hannun ta fice ko fentin ya ɓare. Araha ba ta ado. Na zuwa ɗaurin aure ne, ba na hanyar Mashi ba.

Tabaran ma'aikata

Wannan ba a wurin masu kayan kwalliya ake samunsa ba, sai a shagunan kayan gini da kayan aiki, inda ake sayar da safar hannu da hular magina. Shi ne mai lanƙwasa da ke rungume fuska har gefe. Na gaske za ka ga Z87 a jikinsa, alamar ƙa'idar Amurka, ko EN 166 ta Turai. An yi shi ne don tare ɓarɓashin ƙarfe da dutse, saboda haka tsakuwar tifa ba baƙuwarsa ba ce. Yana zuwa fari, yana zuwa ruwan toka mai duhu, hannunsa siriri ne yana shiga cikin hula ba takura.

Kada a rikita shi da baƙin gilashin masu walda. Na sha ganin yara sun ɗauko na walda sun hau babur da shi. Wancan an yi shi ne don kallon wutar da ta fi ƙarfin ido, a kan titi kuwa rabin makanta ne.

Kuɗin tabaran ma'aikata bai fi na tebur da wani abin kirki ba, shi ya sa nake cewa a sayi biyu, baƙi da fari. Baƙin da rana, farin a aljihun gaban riga cikin tsumma mai laushi. Ana kiran magariba ka tsaya ka yi salla, ka sauya. Aibinsa biyu ne. Ba ya rufe ido ruf, ƙura mai laushi tana samun hanya. Sannan ba shi da kyan gani, samari ba sa son sa. Ni dai ban taɓa jin an fasa ɗaukar ɗan acaɓa saboda tabaransa bai yi kyau ba.

Mai roba da soso

Wanda ake ɗaurewa da roba ta bayan kai, mai soso a gefe yana manne da fata. In maganar ƙura ce ba shi da na biyu. Wanda ke bin hanyar burji zuwa kasuwannin ƙauye a watan Disamba da Janairu, yana bin bayan motocin da ke tayar da ƙura kamar hadari, shi ya san darajarsa. Yana tafiya da buɗaɗɗiyar hula, wadda ba ta da haɓa.

Sai dai bazara ba ta ƙaunarsa. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, soson yana shan gumi ya riƙa tsiyaya cikin ido, in ka tsaya a danja gilashin ya yi suraci. Soson mai araha ba ya shekara yake ruɓewa ya fara zubar da gari. Yana kuma rage gefen ido fiye da kowanne, abin da ba a so a cunkoson Ƙofar Ƙaura. In za ka saya, nemi fari ko mai sauƙin duhu, ko wanda ake sauya wa gilashi.

Baƙin gilashin hula

Ga wanda ƙanena ya zo da shi a ransa, kuma shi ne na fi daɗewa a kansa, don ni ma na taɓa faɗawa.

Ba a raina shi da rana. Ya rufe fuska gaba ɗaya, babu abin da ke danne hanci ko kunne, babu firam da ke tare gefe, ba a mantuwarsa a gida. Mai ƙyallin madubi yana ƙara mayar da haske. Kuɗinsa matsakaici ne, in an sami wanda ya dace da hularka, abin da ba kullum ake samu ba, domin kowane kamfani da irin maƙalinsa, kuma yawancin hulunan da ke kasuwarmu ba a shigo da gilashinsu daban.

Wata rana da kaka na taso daga Daura a makare. Na yi lissafin zan iso gida da sauran haske, sai taya ta yi faci. Kafin mai faci ya gama rana ta yi ja. Na wuce Mashi ana kiran salla, na ce bari in ƙara gaba kaɗan. Hanya ta fara yi mini kamar ana rage fitila, ni kuma ina ta ɗauka akwai sauran gani, don ido yana sabawa da duhu a hankali ba ya gaya maka nawa ka rasa. Ban ankara ba sai ga amalanken shanu a gabana, an labta mata kara, ba fitila ba komai. Ban san yadda na kauce ba, karan dai ya shafi kafaɗata. Na ɗaga gilashin, sai na ga ashe gari da sauran haske, ni kaɗai nake cikin dare. To, ɗaga shi kuma ya buɗe wa ƙwari ƙofa, suna bin fitilar babur suna faɗa mini a ido. Haka na ƙaraso Katsina ina tafiyar hawainiya, ido ɗaya a runtse. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Matsalar ke nan: duhunsa da kariyarsa a haɗe suke. In ka kawar da ɗaya ka kawar da ɗayan. Masu ƙa'ida a Turai sun san da haka. A tsarinsu na ECE 22.05, gilashin hular da za a yi tafiyar dare da shi dole ya bar aƙalla kashi 80 na haske, wanda bai kai haka ba a rubuta masa cewa na rana ne kawai, kuma ko na ranar kada ya gaza kashi 50. Sabon tsarin 22.06 ya sassauta zuwa kashi 35. Baƙi wuluk ɗin da ake sayarwa, wanda ba ka ganin fuskar mai shi, ya yi ƙasa da wannan nesa ba kusa ba.

Ana iya yawo da farin gilashi a jaka a sauya, amma a gaya wa juna gaskiya, mutum nawa ne zai tsaya bakin hanya da magariba yana kwance maƙali? Kuma farin da ke gogayya da kaya a jaka ba ya wata guda bai karce ba. Ga batun shinge: mai baƙin gilashi, musamman mai madubi, ya riƙa ɗaga shi tun daga nesa kafin a ce masa ya ɗaga. In dai sai ka sa, ɗauki mai ruwan hayaƙi mara duhu sosai, wanda ake ganin idonka ta ciki.

Hula mai gilashi biyu

Farin gilashi a waje, ƙaramin baƙi a ciki wanda ake saukewa da ɗan maɓalli a gefe. Wannan ita ta warware matsalar da ta kusa hallaka ni. Rana ta faɗi, ko ka shiga inuwa, ka tura maɓalli da ɗan yatsa, duhun ya koma sama, farin yana nan yana tare iska da ƙwari. A shinge ma daƙiƙa guda ce fuskarka ta bayyana.

Ita ce mafi tsada a jerin, don sabuwar hula za ka saya dungurungum, kuma ta kirki kuɗinta ya ninka na tabarau sau da yawa. Ta fi nauyi kaɗan, a bazara kuma rufaffiyar hula gidan zafi ce, sai an nemi mai ƙofofin iska. Maɓallin yana cijewa in ƙura ta shige shi, a riƙa kaɗe shi da tsohon buroshin haƙori. Babban abin tsoro shi ne jabu. Akwai masu gilashi biyu da jikinsu bai fi robar bokiti ƙwari ba. Matsa gefenta da hannu biyu, in ta lotsa cikin sauƙi ka bar ta. Leƙa ciki ka ga ko akwai farin soso mai tauri da kauri, ba ƙyalle kawai ba. Duba igiyar haɓa ko an ɗinke mata alamar E cikin da'ira da lamba, ta ƙa'idar Turai, ko DOT ta Amurka a ƙeyar hular, duk da cewa su ma ana kwaikwayonsu. Tun Janairun 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta hular kwano, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don a bar su su wuce, ba mu rabu da ɗabi'ar sayen hula don idon jami'i ba. Ƙwarya mai gilashi biyu ai ƙwarya ce.

Mai rikiɗa, folarayiz da rawaya

Mai rikiɗa shi ne wanda ke yin baƙi da kansa a rana ya washe a inuwa. A baki kamar ya gama komai. Amma abu uku ke rage masa daraja a wurinmu. UV ne ke sa shi rikiɗa, to in ka sa shi a bayan gilashin hula, gilashin ya riga ya tare UV ɗin, sai ya zauna fari abinsa. Zafi yana hana shi yin duhu sosai, ya fi aiki a sanyi, mu kuwa lokacin da muka fi bukatarsa shi ne lokacin da gari ya fi zafi. Sannan yana saurin yin baƙi amma washewa sai ya ɗauki mintuna. Ga tsada, ga kasala bayan 'yan shekaru. Wanda ya fi amfana da shi shi ne mai tabaran magani da ke sa buɗaɗɗiyar hula.

Tabaran da ake kira folarayiz yana kashe ƙyallin da ke tasowa daga kwalta da gilasan motoci, ido yana hutawa da shi ƙwarai da rana tsaka. Gane na gaske ba wuya: kalli fuskar wayarka ta cikinsa kana juya shi, za ka ga ta yi duhu a wani kusurwa. Wannan ɗin kuma shi ne aibinsa ga mai duba waya a kan kan babur. A bayan gilashin hula yakan fito da launuka kamar bakan gizo. Abin da ya fi damuna shi ne ƙyallin da yake kashewa wani lokaci gargaɗi ne: baƙin mai da ya zube, ko ruwan da ya kwanta a kwalta da damina, da ƙyalli ake gane su. Kuma ba ya maganin ranar da ke kallonka ido da ido a hanyar Daura, don aikinsa kan hasken da ya daki wani abu ya dawo ne.

Rawaya kuwa, wanda ake tallarsa da sunan tabaran dare, ka riƙe kuɗinka. Yana sa gari ya yi kamar ya ƙara haske, alhali rage shi ya yi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2019 ya gwada shi a kan direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙin dare, bai sa sun fi saurin hango mai tafiya a ƙasa ba. Da rana cikin hazo yana ɗan fito da abubuwa, iyakarsa ke nan. Da dare fari tas kawai.

Ga su a jere

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Rana tsaka | Bayan magariba | Ƙura da tsakuwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Tabaran tebur | ƙasa sosai | 'yan watanni | yana taimako | a cire, ido ya zauna a buɗe | rauni, yana iya fashewa |
| Tabaran ma'aikata, baƙi da fari | ƙasa | ya fi na tebur | da kyau | a sauya da farin | tsakuwa da kyau, ƙura matsakaici |
| Mai roba da soso | matsakaici | soson ke fara mutuwa | zafi da suraci | sai in fari ne | mafi kyau ga ƙura |
| Baƙin gilashin hula | matsakaici | ya danganta da wanki | mafi daɗi | haɗari | da kyau in yana rufe |
| Hula mai gilashi biyu | sama | shekaru in ta gaske ce | da kyau | da kyau | da kyau |
| Mai rikiɗa | sama | yana kasala | ba ya duhu sosai a zafi | da kyau | ya danganta da firam |

Abin da ke kashe su duka

Ko wanne ka saya, hannun rigarka ne zai kashe shi. Ƙurarmu garin yashi ce, yashi kuwa ya fi kwalba tauri, balle roba. Duk sanda ka goge busasshen gilashi da bakin riga ko hula, sanfefa ka sa masa. Da rana ba za ka lura ba. Da dare ne, in mota ta dallo maka fitila, kowane karce zai watsa hasken ya zama tauraro, ka rasa gefen hanya. A fara kwarara masa ruwa, ko da rabin fiya wata ne, sannan ɗan sabulu da yatsa, a ɗauraye, a tsane da tsumma mai laushi. Ƙwarin da suka bushe a jiki, a shimfiɗa musu jiƙaƙƙen tsumma na 'yan mintuna su saki da kansu. Fetur da kananzir kada su kusance shi, suna sa folikabonet ya dushe ya yi tsaga-tsaga. Na sha ganin bakanike ya goge gilashin hula da tsumman da ya wanke fulogi da shi, yana ganin alheri ya yi wa mai babur.

Ga ranar da ke ƙasa-ƙasa da safe da yamma, akwai dabarar da ta fi kowane baƙin gilashi: liƙa baƙin salatif na masu gyaran wuta a saman farin gilashin hula, faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu, daga gefe zuwa gefe. In rana ta tare ka sai ka ɗan sunkuyar da kai, ta ɓuya a bayansa, hanya kuma tana nan a fili. Kada dai ya sauko har ya tare maka hangen nesa.

Wa zai ɗauki wanne

Ɗan acaɓa da ke yini cikin gari, daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Ƙwaya, gudunsa ba yawa amma awanninsa a rana da yawa, kuma yakan kai dare: tabaran ma'aikata biyu, baƙi da fari. In ɗaya ya karce ya sake ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Mai doguwar hanya kullum, Katsina zuwa Daura ko Jibiya ko Dutsin-Ma, wanda faci ɗaya zai iya jefa shi cikin magariba: hula mai gilashi biyu in aljihu ya yarda. In bai yarda ba, ya bar farin gilashin hularsa yadda yake, ya sa baƙin tabarau mai siririn hannu a ciki.

Mai bin kasuwannin ƙauye ta burji, wajen Mai'aduwa da Zango da makamantansu: mai roba da soso da hunturu, ya koma tabaran ma'aikata in zafi ya shigo.

Mai tabaran magani: kada ya cire na magani don ya sa baƙi. Hula mai gilashi biyu ce tasa, ya je da tabaran ya gwada ko ƙaramin gilashin yana sauka bai taɓa firam ba. In buɗaɗɗiyar hula yake sawa, ya sa a yanka masa mai rikiɗa na folikabonet.

Baƙin gilashin hula, sai ga wanda ya tabbata yana gida kafin la'asar sakaliya, kamar malamin makarantar da ke tashi da azahar. Shi ma ya ajiye farin tabarau a ƙarƙashin kujera saboda ranar da lissafi zai ɓaci. Wanda ake goyowa a baya kuma, uwargida ce ko yaro ɗan makaranta, iskar da ke dukan direba tana zagayowa ta same shi, farin tabaran ma'aikata ɗaya ya wadatar.

Ƙanena ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To Yaya, mai gilashi biyun sai albashi ya zauna." Muka je shagon kayan gini ya ɗauki baƙi mai Z87, muka biya wurin mai kayan wuta ya sayi salatif. A ƙofar gida na riƙe masa hular ya liƙa, karo na farko ya karkace, ya ɓare ya sake.